Yadda ake sauya inji da sa manyan tayoyi a tsohuwar jif da aka ɗaga

Tsofaffin jif-jif masu dogon bodi da sandararren aksul gaba da baya, irin Land Cruiser 60 da Toyota ta ƙera daga 1980 zuwa 1990, da 80 da ta gaje ta, da Nissan Patrol Y60, da Jeep Grand Wagoneer da aka daina ƙerawa a 1991, kusan ciwo ɗaya ke kama su a hannun masu su. A ɗaga mota, a sa mata taya mai inci 33 ko 35, sai ta yi sanyi. Hawan tudu sai da giya ta biyu, mai kuwa kamar zubar da shi ake yi. Nan take sai a ɗora wa inji laifi a shiga neman wani. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, giyar cikin aksul ce ta daina dacewa da tayar. Don haka aikin yana da jeri: a tsayar da girman taya, a daidaita giyar aksul, a gyara birki da sitiyari, inji ya zo a ƙarshe. Wanda ya fara daga inji yakan yi aikin sau biyu.

Tsayar da girman taya

Lambar taya iri biyu ce. Idan ka ga 33x10.50R15, tsayin tayar inci 33 ne, faɗinta 10.5, rim ɗinta 15. Idan ka ga 285/75R16, faɗin milimita 285 ne, tsayin gefenta kashi 75 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 214. Ninka shi biyu, ka ƙara rim na inci 16, wato milimita 406, za ka samu 834, kusan inci 32.8 ke nan. Da wannan lissafin 235/75R15 tana ba da inci 28.9, 265/75R16 tana ba da 31.6, 315/75R16 kuma 34.6. Tayar da aka rubuta wa 33 takan gaza haka kaɗan idan nauyin mota ya hau kanta, saboda haka ka auna ta a jikin motar kafin ka yi lissafin giya.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: ɗaga mota ba ya ɗaga tulun aksul, wato kumburin da giyar aksul ke ciki, daga ƙasa ko da milimita ɗaya. Shasi da bodi kawai yake ɗagawa. Taya ce kaɗai ke nisanta tulun da dutse, kuma rabin ƙarin tsayinta kake samu. Daga inci 29 zuwa 33, inci 2 ne ribarka, kusan santimita 5. Amfanin ɗagawa shi ne ba wa taya wurin motsi. Duk incin da ka ƙara fiye da buƙata yana ɗaga nauyin motar sama, ita kuwa dama doguwa ce mai saurin karkata a kwana.

Ga irin waɗannan motoci, taya 33 siririya a kan ɗagawar inci 2 zuwa 3 ita ce ta fi dacewa. 33x10.50R15 a rim mai faɗin inci 8, ko 255/85R16, suna ba da tsayin ba tare da nauyi da gugar mai faɗin 12.50 ba. Taya 35 kuwa wani babi ce daban: tana jawo yankan madigadi, sabuwar giya dole, da ƙarfafa aksul ɗin gaba.

Kada ka sayi taya biyar ka ɗaura sannan ka gwada. Sa guda ɗaya a gaba. Hau da ita kan tudu ko ka ɗaga ta da jak har ta dunƙule ciki sosai, sannan a juya sitiyari iyaka hagu, iyaka dama. Duba bayan madigadi, gefen shasi, sifirin da tayarod. Kana son tazarar santimita 2 ko fiye a ko'ina. Inda ta taɓa sama, ƙara tsawon robar da ke tare aksul. Inda ta taɓa sifirin a juyi, fito da notin iyakar sitiyari kaɗan, ko ka nemi rim da ya ɗan fito waje. Amma kada ya fito da yawa, domin duk santimitar da tayar ta yi nesa da boris ƙarin wahala ce a kansa da kan sitiyari.

Giyar aksul

Nan ne zuciyar aikin. Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya, wato kamar ka ɗaga motar zuwa giya ta sama ka bar ta a can har abada. Lissafin gyaran ba shi da wuya: tsohon adadin giya sau tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwa. Mota mai 4.11 da ta tashi daga inci 29 zuwa 33 tana buƙatar 4.68, sai ka zaɓi tsakanin 4.56 da 4.88 da ake samu. Mai 3.70, kamar FJ60, wato Land Cruiser 60 mai fetur, da aka sayar a Amurka, tana buƙatar 4.21. Idan 35 za ka sa a mai 4.11, lissafi ya ba da 4.96, wanda ke dab da 4.88, sai ka ɗauke ta. Idan kuwa ka faɗa can tsakiyar biyu, ɗauki babbar lamba, saboda lissafin bai san cewa sabuwar tayar ta fi nauyi ba, bai san da bomba ta ƙarfe da kayan da ke kan rufi ba.

Kafin ka saya, duba yadda injin zai juya a babbar hanya. Gudu a kilomita cikin awa ɗaya, sau giyar aksul, sau giyar ƙarshe ta giyabos, sau 209, a raba da tsayin taya a inci. A gudun 100 da 4.11, giya ta huɗu mai ɗaya da ɗaya, taya 29 tana ba da juyi kusan 2,960 a minti. Da taya 33 ya sauka zuwa 2,600. Da 4.56 ya dawo 2,890. Wannan lissafin ne zai nuna maka dalilin da ya sa ake son a san injin da za a sa tun yanzu, ko da ba a saye shi ba: inji mai silinda takwas da giyabos mai giyar gudu zai ji daɗin 4.11 da taya 33, alhali tsohon injin zai sha wuya.

Gaba da baya dole adadinsu ya zama ɗaya. Idan suka bambanta, da zarar ka sa ƙafa huɗu sai farfela biyu, sandunan da ke kai juyi zuwa aksul ɗin gaba da na baya, su shiga ja-in-ja har wani abu ya karye. Ɗaura karawun da finiyon, wato babbar giya da ƙaramar da ke cikin tulun aksul, aikin geji ne. A Land Cruiser wasan da ke tsakanin haƙora yana tsakanin milimita 0.15 da 0.20. A shafa wa haƙoran fenti na gwaji a juya, a ga tambarin ya zauna a tsakiyar haƙori. Idan ya hau baki ko ya nutse gindi, zurfin finiyon bai yi ba, kuma za ta yi kuka tun ranar farko, kukan da ba ya warkewa. Sa sabbin boris da sil gaba ɗaya. Kilomita 800 na farko a bi ta a hankali, babu jan tirela, tafiyar farko gajeru ana barin aksul ya huce, sannan a zubar da man a zuba sabo.

Agogon gudu ma zai yi maka ƙarya. Daga 29 zuwa 33 ba tare da sauya giya ba, idan ya nuna 100 kana kan 114. Sabuwar giya takan dawo da shi kusa da daidai. Ka gwada shi da GPS na waya.

Abin da ɗagawa ta ɓata

Aksul ɗin gaba yana da wata 'yar karkata ta baya da ake kira kasta, ita ce ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Ɗagawa tana cinye ta, sai motar ta riƙa yawo a titi kana ta kamo ta. A mai sifirin na falle-falle ana gyarawa da ƙarfen weji mai digiri 2 zuwa 4 tsakanin sifirin da aksul. Na ƙarfe za ka sa. Na alminiyam yana murƙushewa, maɗauran sifirin su saki. A mai sifirin na murɗe, irin Land Cruiser 80 da Patrol Y60, akwai bushin ko faranti na gyaran kasta, kuma sandar da ke riƙe aksul daga zamewa gefe tana buƙatar mai daidaitawa, in ba haka ba aksul zai karkata gefe guda.

Girgizar nan mai tsanani da ke kama sitiyari bayan an faɗa rami ba ta da magani a shokazobar sitiyari. Shokazoba ɓoye ta kawai take yi. Asalinta wasa ne a tayarod, bushin, boris ɗin wili ko boris ɗin gwiwar aksul, babbar taya ce ta fallasa shi. Sa wani ya riƙa kaɗa sitiyari kana ƙarƙashi kana kallon kowace gaɓa. Duba shasi a kewayen akwatin sitiyari ko ya tsage, kuma a Toyota ka ƙara ɗaure notocin hannun sitiyari da ke jikin gwiwa, suna da halin kwancewa da babbar taya.

Tiyon birki da tiyon numfashin aksul a ƙara musu tsawo. Gwajinsu shi ne a ɗaga shasi aksul ya rataya iyakarsa, kada a ga tiyo ya miƙe. Land Cruiser tana da bawul a baya mai auna nauyin kaya yana raba ƙarfin birki. Idan an ɗaga motar sai ya ɗauka babu kaya, ya rage birkin baya. A ɗaga maƙalar sandarsa daidai da yawan ɗagawar.

Shi kansa birkin ya yi rauni. Daga 29 zuwa 33 ƙarfinsa a ƙasa ya ragu da kusan kashi 12 cikin ɗari, ga ƙarin nauyin tayar da zai tsayar. Sabon fad mai kyau, faranti marar lanƙwasa, tiyo sabo da sabon man birki su ne mafi ƙaranci. Wannan a gama shi kafin a ƙara wa motar doki ko ɗaya.

Zaɓen inji

Bayan giya ta daidaita, yi mako biyu kana tuƙa motar. Da yawa a nan suke fasa sauya inji. Idan har yanzu kana so, ko gwajin matsin silinda ya nuna bambanci fiye da kashi 10 cikin ɗari tsakaninsu, to hanya uku ce.

Mafi sauƙi ita ce injin gida ɗaya. Land Cruiser 60 ta fito da 2F mai lita 4.2, da 3F mai lita 4.0, da na dizal 2H da 12H-T mai turbo. Tunda kamfanin ya riga ya sa su a wannan shasi, mazaunin inji, lagireto da sauran kaya duk akwai na asali. Ta biyu ita ce dizal na baya-baya kamar 1HZ ko 1HD-T, ko TD42 na Nissan. 1HZ ba zai ba ka gudun da ya wuce na 2F ba, dokinsa kusan 130 ne, ribarsa sauƙin gyara da nisan tafiya a tanki ɗaya. Yana da bel na tayimin, a sauya shi kafin injin ya shiga. 1HD-T kuwa an san shi da cin boris ɗin ƙasan sandar fistin, a buɗe kasko a sa sabbi tun yana ƙasa. Ta uku ita ce mai silinda takwas na General Motors, musamman mai lita 5.3 da ya fara fitowa a motocin a-kori-kura na 1999. Ƙarfinsa ya ninka na 2F, kuma ya fi shi rashin nauyi, har gaban motar yakan ɗan tashi. Sai dai aikin waya da adafta ya fi yawa.

Ko wanne ka zaɓa, saye shi da kayansa duka: wayoyi ba a yanke ba, birenbos (kwamfutar inji), na'urar auna iska, altanato, kik, famfon sitiyari, da fedar totur idan ta lantarki ce. Ƙananan abubuwan nan su ne ke tsayar da aiki wata da watanni. Ka kuma binciki dokar ƙasarka kan sauya lambar inji a takardu, gwajin hayaƙi da inshora tun kafin ka biya.

Dubi abin da ke bayan injin ma. Tulun aksul na Land Cruiser 60, gaba da baya, yana gefen dama. Taransifa, akwatin da ke raba juyi zuwa gaba da baya, idan ta motar da aka ciro injin ce mai fitar da farfelar baya ta tsakiya, ba za ta yi layi da shi ba. Shi ya sa aka fi barin taransifa ta asali a haɗa ta da adafta. Idan kuma za ka haɗa 5.3 da tsohon giyabos na General Motors, bayan karanshaf ɗinsa ya fi na tsofaffin injinan gajarta da kusan milimita 10, sai da abin cike gurbin.

Cirewa da zaunar da sabo

Ɗauki hoton komai, ka manna wa kowace waya da tiyo takarda. Auna inda taransifa take daga wani rami tabbatacce a shasi ka rubuta. Cire batir, zuƙe ruwa da mai, fitar da lagireto da fuskar motar gaba ɗaya, aikin zai fi sauƙi.

Haɗa inji, giyabos da taransifa a ƙasa, ka shigar da su tare a rataye. Motar ta tsaya a kan tayoyinta a ƙasa mai daidai. Idan zai yiwu taransifa ta koma gurbinta na da, farfela biyu da sandunan giya sun tsira. Injin ya ɗan sunkuya baya kusan digiri 3, layinsa ya bi layin shasi ko da an matsar da shi gefe don kauce wa sandar sitiyari. Yanzu ɗiga walda a mazaunan, ɗigo kawai, sannan ka duba waɗannan: bayan tof da bangon gaba, yatsa biyu aƙalla, bonat ya rufe, fanka da lagireto santimita 2 zuwa 3, bututun hayaƙi da akwatin sitiyari da bututun birki.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne kaskon baƙin mai. Motar tana tsaye za ka ga fili mai yawa tsakaninsa da tulun aksul, ka ɗauka an gama. Ranar da ta dira a rami aksul zai haura ya fasa kaskon. Danna aksul sama har ya taɓa robar tsayawa, ka tuna robar tana matsewa, ka bar santimita 2.5 bayan haka. Farfelar gaba ma a duba ta a wannan matsayi. Sai komai ya wuce sannan a fitar da injin a kammala walda, da faranti mai kauri da ya baza nauyin a jikin shasi.

Kuros ɗin farfela biyu su yi aiki a karkata iri ɗaya, bambancinsu kada ya wuce digiri 1. Idan farfela mai gaɓa biyu ce a kai, hancin finiyon ya kalli taransifa kai tsaye. Girgizar da ke zuwa a wani gudu ta ɓace a wani, yawanci daga nan take.

Ruwa, mai da waya

Jif mai nauyi tana tafiya a hankali cikin yashi ba ta samun iskar hanya, fanka ce kaɗai gatanta. Sabon lagireto ba tare da murfin da ke kewaye fanka ba asarar kuɗi ce. Fukafukan su shiga murfin rabi, a toshe gefen lagireto don iska ta bi ta cikinsa. Injin 5.3 yana da ƙananan bututun tururi a kan tof, a haɗa su da saman lagireto, idan aka toshe su iska tana taruwa a ciki tof ya yi zafi. Giyabos mai sarrafa kansa a ba shi nasa lagireton na mai.

Kafireto yana aiki da matsin mai na fam (psi) 4 zuwa 7. Injin 5.3 yana son kusan 58. Tsohon tiyo da tsohon maɗauri ba za su riƙe wannan ba, kuma fetur da ke fesowa kusa da bututun hayaƙi gobara ce. Sa tiyo na matsi, famfo a cikin tanki ko ƙasa da shi, matata kafin famfo da bayansa. Tankin da aka yi wa kafireto ba shi da shinge a ciki, a gangare da ɗan mai kaɗan famfo zai zuƙi iska inji ya mutu a wurin da ba a so. Ƙaramin tankin tara mai yana magance wannan.

Idan daga fetur ka koma dizal, a wanke tanki, a sa bututun dawo da mai da matata mai raba ruwa. Dizal ba ya samar da zuƙar iskar da ke taimakon birki, sai da famfonta. Duba kuma ko injin na bolt 12 ne ko 24, domin wasu Land Cruiser na dizal 24 ne, kik da altanato da abin ɗumama silinda duk sai sun dace da motar.

A birenbos na General Motors sai an cire makullin hana sata, in ba haka ba injin zai tashi ya mutu cikin daƙiƙa biyu. Giyabos ɗinsu mai sarrafa kansa, 4L60E, yana buƙatar na'urar auna gudu, kuma idan tana bayan taransifa, sauya giya zai rikice a ƙaramar giyar daji sai an sanar da birenbos. Kowace sabuwar waya da fis ɗinta. Wayar ƙasa mai kauri uku: batir zuwa inji, inji zuwa shasi, inji zuwa bodi. Rabin matsalolin da ake ɗora wa birenbos daga nan suke.

Tashin farko

Cire fis ɗin famfon mai, juya injin da kik har gejin baƙin mai ya motsa. Mayar da fis, kunna makulli sau uku ba tare da tayarwa ba, ka bi layin mai da ido da hanci. Abin kashe gobara ya kasance a kusa. Idan ya tashi, buɗe hita, bar shi ya yi zafi har tamostat ya buɗe, kana ƙara ruwa iska na fita. Tafiyar farko kilomita 10 ta isa. Dawo ka sake ɗaure mazaunin inji, notocin farfela, maɗauran sifirin da notocin wili, ka maimaita bayan kilomita 100 da kuma 800.

Iskar taya kuma ba lambar da ke jikin ƙofa za ka bi ba, waccan ta tsohuwar taya ce. Ja layin alli a faɗin tayar, tuƙa mita 50 a miƙe. Idan tsakiya ce ta goge iska ta yi yawa, idan gefuna ne ta yi kaɗan. A daji, idan tayar gaba ta tashi sama tana juyawa, ɗaga ƙafa daga totur kafin ta dira. Gaɓar Birfield da ke cikin gwiwar aksul ɗin Toyota, mai kai juyi zuwa tayar gaba, a irin wannan dirar take fashewa, musamman idan sitiyari yana murɗe iyaka. Mai taya 35 ya sa masu ƙarfi na ƙarfen kuromoli, ya ajiye tsofaffin a bayan mota tare da giris da soket ɗin milimita 54 na notin boris.